Imani da Mu'ujiza a Zamanin Kimiyya: Darasi daga Kwarin Kogin Haɗeja

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Haɗeja cikin watan Agusta ko Satumba ya san irin zaman ɗar-ɗar da jama'a kan yi idan kogi ya kawo ruwa. Samari kan kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa, dattawa su duƙufa da addu'a a masallatai, Kiristocin gari su ma su taru a majami'u suna roƙon Ubangiji. Idan ruwa ya janye gari bai ci ba, sai a ji wani ya ce Allah ne ya kiyaye, wani ya ce jinga ce ta riƙe, wani kuma ya ce ruwan sama ne ya tsagaita a ƙasar Kano. Abin tambaya shi ne, shin waɗannan maganganu uku suna karo da juna? In an gaskata ɗaya, dole ne a ƙaryata sauran?

Wannan tambaya takan dami ɗalibin da ya taso a gidan ibada, sa'an nan ya shiga jami'a aka koya masa cewa kowane abu yana da sanadinsa. Takan dami ma'aikacin gwamnati wanda aka ɗora wa alhakin ruwa ko lafiyar jama'a. Manufar wannan lacca ita ce a duba yadda Kirista zai riƙe imaninsa da mu'ujiza ba tare da ya yi watsi da kimiyya ba. Kiristoci 'yan tsiraru ne a ƙasar Haɗeja, amma matsalar ta kowa ce, don haka za a riƙa waiwayar abin da malaman Musulunci suka faɗa, tun da yake kogi ɗaya ake sha, ambaliya ɗaya kuma ke cin gonakin kowa. Za a kafa hujja da abubuwa biyu da mutanen yankin suka sani, wato cutar kuturta da ruwan kogi.

Ma'anar kalmomi

Kalmar mu'ujiza Hausa ta aro ta ne daga Larabci, tushenta kuwa yana nufin gajiyarwa, wato abin da ya gagari mutane su kawo irinsa. Malaman Musulunci sun keɓe ta ga annabawa, abin da ya bayyana a hannun waliyyi kuma suka kira shi karama. Kiristoci masu jin Hausa suna amfani da mu'ujiza da al'ajibi da alama wajen bayyana ayyukan Yesu Almasihu, kamar buɗe idon makaho da tsabtace kuturu da ta da matacce. Ya kamata a lura da kalmar alama, domin a cikin Bisharar Yahaya ita aka fi kiran waɗannan ayyuka da ita. Alama kuwa aikinta ta nuna wani abu da ke gaba da ita. Ke nan a fahimtar Kirista abin nema a cikin mu'ujiza shi ne saƙon da take ɗauke da shi game da jinƙan Allah da ikonsa.

Kimiyya kuma hanya ce ta binciken yadda halitta ke gudana, ta wajen lura da awo da gwaji da maimaita gwajin. Ƙarfinta yana cikin abin da ke maimaituwa. Tana iya faɗin yawan ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil a rana guda, da kwanakin da zai yi kafin ya iso Haɗeja. Ba ta da ma'aunin da za ta auna ko rayuwar manomin da ruwan ya cinye wa shinkafa tana da wata manufa. Bahaushe tun kafin zuwan boko ya san cewa ruwa ba ya tsami banza, wato ya yarda da sanadi, kuma bai taɓa ganin wannan ya hana shi cewa Allah ne mai yi ba.

Abin da magabata suka faɗa

Gardama a kan wannan batu ta daɗe. Agustin, limamin birnin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga shekara ta 354 zuwa 430, ya koyar da cewa mu'ujiza ba ta saɓa wa halitta, abin da take saɓa wa shi ne ɗan sanin da mutum ya yi wa halitta. A wurinsa tsirowar ƙwayar hatsi kowace damina al'ajibi ne babba, sabo ne kawai ya sa mutane suka daina mamakinsa. Bayansa da ƙarnuka Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya rarrabe tsakanin sanadi na farko, wato Allah, da sanadai na biyu, wato wuta da ruwa da iska da hannun ɗan Adam. Allah yana aiki ta cikin sanadai na biyu, kamar yadda marubuci ke aiki ta cikin alƙalami. Wanda ya ce alƙalami ya yi rubutu ya yi gaskiya, wanda ya ce malami ya yi rubutu shi ma ya yi gaskiya.

A ɓangaren Musulunci, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga. Ya ce abin da ido ke gani shi ne auduga tana ƙonewa a lokacin da ta haɗu da wuta, amma ido bai ga wajabcin hakan ba. Al'ada ce da Allah ya gudanar, yana kuma da ikon keta ta. Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya musanta sanadi ya rushe ilimi, domin sanin abu shi ne sanin dalilinsa. Duk da saɓaninsu, babu ɗaya daga cikinsu da ya ba mutum shawarar ya ajiye auduga kusa da murhu.

Suka mafi zafi ta zo ne daga David Hume, masanin falsafa na ƙasar Sukotlan, a shekara ta 1748. Ya ce dokokin halitta sun kafu ne a kan shaidar mutane masu ɗimbin yawa, labarin mu'ujiza kuwa a kan shaidar 'yan kaɗan, saboda haka a kullum ya fi kusa da hankali a ce mai ba da labari ya yi kuskure ko ƙarya. Masana Kirista sun amsa masa cewa hujjarsa ta riga ta yanke hukunci kafin a saurari shaidu. Amma akwai ƙamshin gaskiya a cikin maganarsa da bai kamata mai imani ya ƙi ba: babbar da'awa tana bukatar shaida mai ƙarfi, kuma yawancin labaran al'ajibi da ke yawo a kasuwa da tasha ba su tsayawa in an bincika.

Misali na farko: kuturta

Babu cutar da ta haɗa addini da magani a ƙasar Hausa kamar kuturta. Linjila ta ba da labarin Yesu yana tsabtace kutare, Alƙur'ani ma ya ambaci warkar da makaho da mai albaras da Annabi Isa ya yi da izinin Allah. Wannan ne ya zaburar da mishan zuwa ga aikin kutare. Da yake a farkon mulkin Turawa an taƙaita musu wa'azi a masarautun Musulmi, ta ƙofar magani suka shigo. Daga 1937 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi kula da mazaunin kutare na Yadakunya a Kano, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Amanawa a Sakkwato, bisa yarjejeniya da hukumomin gargajiya. Ƙasar Haɗeja a wancan zamani tana cikin Lardin Kano, kuma hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, ta ratsa ta Malam Madori ta kusantar da ita da birnin.

To, da me waɗannan masu wa'azi suka yi jinya? Sun yi addu'a safe da yamma, amma ba su tsaya nan ba. Tun a 1873 likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar. Da farko allurar man wani itace na ƙasar Indiya ake yi wa majinyata, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Wajen ƙarshen shekarun 1940 likita John Lowe, a mazaunin kutare na Uzuakoli da mishan na Methodist suka kafa a gabashin Nijeriya, ya nuna cewa ƙwayar dapsone da ake haɗiya tana kashe cutar, kuma tana da araha. Da cutar ta fara jure wa dapsone, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a 1981. Yau mai kuturta yana warkewa cikin wata 6 ko 12, maganin kuma kyauta ne. An kuma gano cewa mafi yawan mutane jikinsu ba ya kamuwa da cutar ko sun yi cuɗanya da mai ita, abin da ya rushe tsohuwar fahimtar cewa la'ana ce ko gado.

Darasi biyu ke nan. Na farko, mutanen da suka gaskata cewa Yesu ya warkar da kuturu da taɓawa ɗaya su ne suka shafe shekaru suna wanke miki da ƙirga ƙwayoyin magani, ba su kuwa ɗauki hakan raunin imani ba. Imaninsu ne ya kai su wurin da wasu ke ƙyama, kimiyya ta ba su abin da za su yi idan sun isa. Na biyu yana cikin labarin Linjila kansa. Bayan Yesu ya tsabtace kuturu, ya umarce shi ya je ya nuna kansa ga firist. Bisa dokar Musa a Littafin Firistoci, firist shi ne mai duba fatar majinyaci ya tabbatar ko ya warke kafin ya koma cikin jama'a, wato shi ne jami'in duba-gari na wancan zamani. Ashe tun asali waraka ta gaskiya ba ta gudun bincike.

Ekklisiyar Katolika ta bi wannan tafarki a Lourdes ta ƙasar Faransa, inda dubban majinyata ke ziyara. Tun 1883 aka kafa ofishin likitoci mai bincikar duk wanda ya ce ya warke. Daga cikin da'awa sama da 7,000, guda 70 ne kawai aka amince da su a matsayin mu'ujiza har zuwa 2018. Likitocin ba su cewa an yi mu'ujiza. Iyakarsu su ce ilimin likitanci bai iya bayyana wannan waraka ba, hukuncin addini kuma na bishop ne. A Nijeriya kuwa yawaitar masu da'awar warkarwa a talabijin ya sa hukumar kula da kafofin watsa labarai ta hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar ba a 2004. Illar irin wannan da'awa a fili take: mai tarin fuka ko hawan jini da aka ce masa ya warke ya zubar da magani, sau da yawa gawarsa ake ɗauka.

Ƙasar Hausa tana da nata misalin mutumin da ya haɗa biyun. Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, likitan yara ne, shi ne kuma ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A ƙarshen rayuwarsa ya zama fasto, yana wa'azi yana kuma duba marasa lafiya a Samaru ta Zariya, har rasuwarsa a 2005. Kafinsa da ƙarni guda da ɗoriya Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka san shi da ilimin addini, ya wallafa littattafai a kan magunguna.

Misali na biyu: ruwan kogi

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa kafin Wudil. Da ya wuce Haɗeja sai ya bazu cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya rarrabu, ya haifar da fadamun Haɗeja da Nguru, daga bisani ya haɗu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, don haka arzikinsa ya dogara ne da ruwan da aka yi a wasu wurare. Ambaliyar shekara-shekara ita ke ba manomi shinkafa, ta ba masunci kifi, ta bar wa makiyayi ciyawa da rani, ta kuma cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa.

A farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, an fita roƙon ruwa a garuruwa da ƙauyuka, majami'u ma sun yi azumi da addu'a. Masu wa'azi na kowane ɓangare sun danganta fari da zunuban mutane. Masana kimiyya su ma sun nemi dalili. A 1975 Jule Charney na Amurka ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar tsirrai a Sahel na iya rage ruwan sama. A 1986 wasu masana a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Chris Folland, suka nuna cewa farin yana da alaƙa da sauyin ɗumin ruwan tekuna, wanda ke raunana iskar damina mai tasowa daga Tekun Atlantika. Binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan bayani na biyu. A nan an ga halin kimiyya na gyara kanta idan sabuwar shaida ta zo.

Shin sanin wannan ya soke roƙon ruwa? Ga mai bin koyarwar Akwinas amsa ita ce a'a. Mai roƙo yana fuskantar wanda ya halicci teku da iska, yana bayyana dogaronsa gare shi, yana kuma tuna wa kansa haƙƙin maƙwabci mai jin yunwa. Masanin yanayi yana bayyana hanyar da ruwan ke bi ya iso. Abin da bai dace ba shi ne mai addu'a ya yi iƙirarin cewa ya san laifin wane ne ya hana ruwa, domin Linjila kanta ta nuna cewa Allah yana saukar da ruwa ga mai adalci da marar adalci, kuma Yesu ya ƙi yarda a ce makantar wani mutum sakamakon zunubinsa ne ko na iyayensa.

Amma akwai wani ɓangare na matsalar kogin wanda hannun mutum ne a cikinsa dumu-dumu. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Sun samar da ruwan sha ga Kano da noman rani a Kadawa da kewaye, amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan kawo da ƙarfi da damina ya share hanyarsa, ya ƙafe da rani. Bayan madatsun sai ya zama yana gudana a hankali duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta mamaye magudanai, laka ta taru a gindinta, hanyoyin ruwa suka toshe. Sakamakon haka ruwa ya karkata, wasu gonaki a wajen Guri da Kirikasamma da Nguru suka zauna cikin ruwa, wasu wuraren da suka saba samun ambaliya suka bushe. Idan kuma aka yi damina mai ƙarfi, ruwan ya rasa hanyar wucewa sai ya afka wa garuruwa, kamar yadda aka gani a 2001 da 2012 da 2018 da 2020 da 2022, inda Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da maƙwabtansu suka yi asarar gidaje da amfanin gona.

A nan ne rabuwar hanya take. Wanda ya ce ambaliya ikon Allah ce, yana nufin ya rungumi haƙuri ya taimaki wanda ya rasa muhalli, ya faɗi magana ta imani. Wanda ya faɗi hakan don kada a tambaye shi dalilin da ya sa ba a yashe magudana ba, ko ba a gyara jinga da rani ba, ko ba a sanar da mutanen ƙauye ranar da za a saki ruwa ba, ya mai da sunan Allah mayafin sakaci. Littattafan addinan biyu sun ba da labarin Yusufu a Masar: an sanar da shi zuwan yunwa ta hanyar mafarki, abin da ya yi da sanin kuwa shi ne gina rumbuna da tara hatsi shekara bakwai. Linjila ta nuna Yesu ya ƙi faɗowa daga ƙololuwar Haikali don a gwada ko Allah zai tare shi. Musulmi kuma sun san hadisin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure shi sa'an nan ya yi tawakkali. A yau hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, akwai kuma hasashen ambaliya na shekara-shekara. Wanda aka ba wannan sani ya zauna jiran al'ajibi, gwada Allah yake yi.

Ƙa'idoji uku

Daga misalan nan za a iya fitar da ƙa'idoji uku. Ta farko, gano sanadin abu ba ya kore Allah daga cikinsa. Mai imanin da ya ajiye Allah a wuraren da ilimi bai kai ba kaɗai, zai ga imaninsa yana ƙanƙancewa duk lokacin da aka yi sabon bincike. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, ya ƙi yarda a mai da bincikensa hujjar wa'azi, domin ya san ka'idar kimiyya tana iya sauyawa.

Ta biyu, yarda da cewa Allah yana da ikon yin mu'ujiza daban ne da gaskata kowane labari da aka kawo. Kirista ya kafa imaninsa a kan tashin Almasihu daga matattu, yana kuma sane da cewa matattu ba su saba tashi ba. In da sun saba, da abin bai zama alama ba. Saboda haka shi ma yana bukatar tsarin halitta tabbatacce kamar yadda masanin kimiyya ke bukatarsa. Wanda ya ce ya warke a wurin taron addu'a, a yi murna da shi, sa'an nan a raka shi asibiti a gwada, kada kuma ya bar magani sai likita ya ce ya bari.

Ta uku ta shafi masanin kimiyya. Aikinsa ya ba shi ikon cewa abu kaza bai da bayani a halin yanzu, ko kuwa ga bayaninsa. Idan ya zarce ya ce babu wani abu bayan abin da ake aunawa, ya bar ɗakin gwaji ya shiga zauren falsafa, a can kuwa hujjarsa sai an auna ta kamar ta kowa.

Kammalawa

Idan aka koma ga mutane ukun nan na bakin jinga, za a ga cewa ba su da abin yin gardama a kai. Ruwan sama ya tsagaita a ƙasar Kano, jinga ta riƙe domin samari sun kwana suna aiki, mai godiya ga Allah kuma yana gode masa ne a kan duka biyun. Abin da ya rage ga ɗalibi shi ne ya koyi iliminsa da kyau ba tare da fargabar zai raba shi da Ubangijinsa ba. Abin da ya rage ga ma'aikaci, Musulmi ne ko Kirista, shi ne ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya: yashe magudana da sare kacala da gyaran jinga aikin watan Fabrairu da Maris ne, tun kogi yana ƙasa, kafin a kai ga daren da za a kwana ana addu'a.